Likitoci da Masu Ƙiba: Tarihin Wata Ƙyama da Ƙoƙarin Kawar da Ita ta Hanyar Ilmi

Tun zamanin da aka fara rubuta ilmin magani, likitoci sun san cewa ƙiba in ta wuce kima ta kan jawo cuta. Buƙuratu, babban likitan Yunanawa wanda ya yi zamani wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, ya lura da cewa mutuwar fuju'a ta fi aukawa masu ƙiba bisa ga sirara. Ibn Sina kuma, wanda ya rasu cikin 1037, ya keɓe fasali guda cikin littafinsa na Ƙanun don bayyana illolin ƙiba mai yawa. Wannan magana har yau ba ta da ja, gama ƙiba tana tafe da ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon gwiwa. Amma sanin cuta daban, raina mai cutar daban. Abin da wannan takarda ta nufa shi ne bin sawun yadda raini da ƙyamar masu ƙiba suka shiga zukatan likitoci da ma'aikatan jiyya a ƙasashen Turai da Amurka, da kuma yadda aka yi ta ƙoƙarin cire su ta hanyar koyarwa, da abin da ya ci nasara cikin ƙoƙarin nan da abin da ya faskara.

Daga likita zuwa akawun inshora

A Ingila ta ƙarni na 18 akwai wani shahararren likita mutumin Sikotland, George Cheyne, wanda nauyinsa ya taɓa kai laba 448. Ya yi jiyyar kansa da madara da ganyaye, ya rame, ya sake ƙiba, ya sake ramewa, sa'an nan ya rubuta labarin kamar na mai zunubi wanda ya tuba. Bayansa da shekaru fiye da ɗari, cikin 1863, wani mai sana'ar shirya jana'iza a birnin Landan, William Banting, ya buga ɗan littafi inda ya faɗi yadda ya rage nauyinsa ta barin burodi da sukari da giya da dankali. A ciki ya koka da ba'ar da a kan yi wa mai ƙiba a taron jama'a da cikin abin hawa. Ashe dai ƙyamar ta riga ta zaunu a gari tun kafin likitoci su sa mata hannu.

A farkon ƙarni na 20 likitocin Jamus da Ostiriya ba su ɗauki ƙiba abu guda ba. Carl von Noorden ya raba ta kashi biyu, watau wadda ta ke zuwa daga yawan ci da rashin motsi, da wadda ta ke tasowa daga cikin jiki. Julius Bauer na birnin Biyana ya dage bisa cewa gado yana da babban hannu a ciki. Amma cikin 1930 wani likita na Jami'ar Michigan a Amurka, Louis Newburgh, ya buga bincikensa ya ce kowace ƙiba asalinta ɗaya ne, mutum ya ci fiye da abin da jikinsa ya ƙone, ya kuma danganta wannan ga raunin hali da jahilci. Lissafinsa daidai ne ta fuskar awo, sai dai bai amsa tambayar da ta fi muhimmanci ba, watau me ya sa yunwar wani ta fi ta wani. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya wargaza makarantun Jamus da Ostiriya, sai ra'ayin Newburgh ya yi rinjaye cikin littattafan da a ke koyar da ɗalibai.

A wannan zamani kuma kamfanonin inshorar rai na Amurka suka shigo cikin al'amarin. Sun duba takardun mutanen da suka yi inshora, suka ga masu nauyi sun fi saurin mutuwa. Louis Dublin, mai ƙididdiga na kamfanin Metropolitan Life, ya fito da jadawalin nauyin da ya dace da kowane tsawo cikin 1942 da 1943, aka sabunta shi cikin 1959. Jadawalin nan ya shiga ofisoshin likitoci ko'ina, ko da ya ke galibin waɗanda aka ƙidaya fararen fata ne masu halin biyan inshora. Cikin 1972 Ancel Keys ya tono wani tsohon lissafi na Adolphe Quetelet, masanin taurari da ƙididdiga na Beljiyam, wanda ya yi shi cikin 1832 don neman siffar matsakaicin mutum, ba don gane cuta ba. Ga yadda a ke yinsa: a ninka tsawon mutum da kansa, sa'an nan a raba nauyinsa da abin da aka samu. Mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 87 zai sami 30, kuma daga 30 ne a ke kiran mutum mai cutar ƙiba. Keys ya gwada ma'aunin bisa maza fiye da 7,000 a ƙasashe biyar, ba mace ko ɗaya cikinsu. Duk da haka ma'aunin ya zama abin da a ke yanke wa mutum ɗaya hukunci da shi. Cikin 1998 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta sauko da iyakar yawan nauyi daga wajen 27 zuwa 25, sai miliyoyin mutane suka kwana da madaidaicin nauyi suka wayi gari cikin masu nauyin da ya wuce kima.

Sa'ad da aka fara auna likitoci

Cikin 1959 Albert Stunkard da Mavis McLaren-Hume suka bi bayan majiyyata 100 da aka sa wa dokar abinci a wani asibitin Niyok. Goma sha biyu kaɗai suka rage laba 20, bayan shekara biyu kuwa mutum biyu ne rak suka riƙe ragin. Wannan ya isa ya nuna cewa maganin ne ya gaza. Amma likitan da aka koya wa cewa ƙiba zarin ci ce ba abin da zai gani sai majiyyacin da ya ƙi bin umurni.

Masana halayyar jama'a ne suka fara juya madubin. Cikin 1961 Stephen Richardson da abokan aikinsa suka nuna wa yara 'yan shekara goma zuwa sha ɗaya zane shida: yaro lafiyayye, da mai sanduna, da mai keken guragu, da mai dungu, da mai tabo a fuska, da mai ƙiba. Aka ce su jera su bisa ga wanda suka fi so. Mai ƙiba ne ya zo na ƙarshe. Da aka maimaita gwajin cikin 2003, sai aka tarar ƙyamar ta daɗu. Cikin 1963 Erving Goffman ya wallafa littafinsa bisa tsangwama, inda ya tuna da cewa Yunanawan dā su kan yi wa bayi da masu laifi lamba a jiki da wuƙa ko da wuta don kowa ya gane su ya guje su. Ƙiba irin wannan lamba ce, domin ba ta ɓoyuwa. Masu ƙiba da kansu suka motsa: cikin 1967 wajen mutum 500 suka yi gangami a babban lambun shaƙatawa na Niyok, cikin 1969 kuma Bill Fabrey ya kafa ƙungiyar kare mutuncinsu.

A shekarar nan ta 1969 George Maddox da Veronica Liederman suka tambayi likitoci da ɗaliban likita yadda su ke ganin majiyyatansu masu ƙiba. Da yawa suka siffanta su da rashin ƙarfin zuciya, da muni, da rashin fasali. Shekara talatin da huɗu bayan haka, cikin 2003, Gary Foster da abokansa suka yi wa likitoci 620 irin wannan tambaya a Amurka. Fiye da rabinsu suka ce masu ƙiba munana ne kuma ba su bin umurnin likita, wajen sulusi kuwa suka ce malalata ne, ƙazamai, masu raunin zuciya. Har wa yau cikin 2003 Marlene Schwartz da abokanta suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 389 a wani taron masana ƙiba a birnin Kwebek na Kanada. Sun yi amfani da wata jarrabawa wadda ta ke auna saurin mutum wajen haɗa kalmomin yabo ko na zargi da siriri ko da mai ƙiba, domin a gano ƙyamar ɓoye wadda mutum bai san yana da ita ba, dabam da ƙyamar fili wadda ya ke faɗa da bakinsa. Sai ga shi har waɗanda suka ba da ransu ga jiyyar ƙiba suna haɗa ta da lalaci da wauta.

Abin da ƙyamar ta ke jawowa

Da a ce abin ya tsaya a zuciyar likita, da da sauƙi. Cikin 2001 wani bincike bisa likitoci 122 a birnin Houston ya nuna cewa gwargwadon nauyin majiyyaci, gwargwadon raguwar lokacin da likita ya ke niyyar ba shi. Cikin 2006 Rebecca Puhl da Kelly Brownell suka tambayi mata 2,449, sai 69 cikin ɗari suka ce sun taɓa shan wulakanci daga likita saboda ƙibarsu. In aka ɗauke 'yan gida, ba wanda ya fi likita yawan ambato. A shekarar kuma wani bincike ya gano cewa mata masu ƙiba suna jinkirta zuwa awon ciwon daji na mahaifa, dalilansu kuwa su ne maganganun raini, da kunyar hawa sikeli, da rigunan asibiti da gadajen awo waɗanda suka yi musu kaɗan. Ko ɗamarar da a ke ɗaurawa a damtse don awon jini, in ta yi ƙanƙanta ta kan nuna hawan jinin da ya fi na gaskiya. Mafi hatsari duka shi ne likita ya ɗora kowane kuka bisa ƙiba, mai ciwon ciki ko haki ya zo a ce masa ya je ya rage nauyi, alhali wata cuta ce dabam ta ke cinsa.

Waɗansu sun yi zaton kunyatarwa za ta sa mutum ya dage ya rame. Cikin 2013 Angelina Sutin da Antonio Terracciano suka bi mutum fiye da 6,000 har shekara huɗu, suka tarar waɗanda aka tsangwama saboda nauyinsu sun fi sauran kusantar faɗawa cikin ƙiba da ninki biyu da rabi.

Sabon ilmin da ya girgiza tsohon darasi

Tsakanin 1986 da 1997 aka sami binciken da ya komo da maganar Bauer. Stunkard ya duba mutum 540 a Denmak waɗanda aka ba da su riƙo tun suna jarirai, ya ga nauyinsu ya bi na iyayen da suka haife su, bai bi na mariƙansu ba, ko da ya ke tukunya ɗaya suka ci da mariƙan. Cikin 1990 Claude Bouchard na Kwebek ya tara tagwaye maza masu kama ɗaya, ƙafa goma sha biyu, ya ƙara wa kowannensu kalori 1,000 a yini, kwana shida a mako, har kwana 100. Wani ya ƙaru da kilo 4, wani da kilo 13, kuma kowane ɗan tagwai ya yi kusa da ɗan'uwansa. Cikin 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano a jikin ɓeraye asalin wani sinadari, leftin, wanda kitse ya ke aikawa ga ƙwaƙwalwa don sanar da ita yawan ajiyar da ke jiki. Cikin 1995 Rudolph Leibel da abokansa suka nuna cewa in mutum ya rage ushirin nauyinsa, jikinsa ya kan rage ƙona abinci fiye da yadda ramewar kaɗai za ta sa, kamar mai gida da ya ga alamar fari ya tsuke bakin rumbu. Cikin 1997 kuwa likitoci a Kambirij suka sami yara biyu 'yan'uwa waɗanda jikinsu ba ya yin leftin sam, ba su ƙoshi ko kaɗan, daga baya allurar sinadarin ta kwantar da yunwar irin waɗannan yara. Wannan lalura ba ta da yawa, amma ta tabbatar da cewa yunwa tana da linzami a cikin jiki wanda ba niyyar mutum kaɗai ke riƙe da shi ba.

Gwaje-gwajen koyarwa

Da wannan ilmi ya samu, sai malaman likitanci suka ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, bari a fara da ɗalibai. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko shi ne na Jami'ar Kentucky cikin 1992, inda aka raba ɗalibai 75 'yan shekarar farko gida biyu. Gida ɗaya aka nuna musu majigi, aka ba su abin karantawa bisa gado da sauran dalilan ƙiba, aka sa su kwaikwayi majiyyaci. Bayan shekara guda waɗannan sun fi sauran yarda da cewa gado yana da hannu, sun kuma rage ɗora wa majiyyaci laifi.

Gwajin da ya fi kowanne faɗakarwa shi ne na Kerry O'Brien da abokansa cikin 2010. Sun raba ɗaliban kiwon lafiya 159 gida uku. Na ɗaya aka koya musu darasin da aka saba, watau ƙiba daga abinci da rashin motsa jiki ta ke. Na biyu aka koya musu rawar gado da yanayin zama, kamar arhar abinci mai maiƙo da sukari da irin aikin da mutane ke yi. Na uku aka yi musu darasi bisa shan giya don a sami abin kwatantawa. A gida na biyu ƙyamar ɓoye ta ragu da 27 cikin ɗari bisa wani ma'auni. A gida na ɗaya kuwa ta ƙaru da 27 cikin ɗari bisa wani ma'aunin. Watau darasin da a ke koyarwa da kyakkyawar niyya shi da kansa yana shuka ƙyamar, in aka koyar da shi shi kaɗai.

Sai dai hali zanen dutse ne. Cikin 2014 Robert Kushner na Jami'ar Northwestern ya sa ɗalibai 127 su karanta maƙalu, sa'an nan su gana da mutane masu ƙiba waɗanda aka horar su yi kamar majiyyata. Nan take munanan zato suka ragu. Bayan shekara guda tausayi da ƙwarin gwiwar ba da shawara sun ɗore, amma munanan zaton sun komo inda su ke. Cikin 2016 Angela Alberga da abokanta suka tattara gwaje-gwaje 17 irin waɗannan, suka ga yawancinsu ƙanana ne, kuma ba su bi ɗaliban da nisa ba.

Binciken Sean Phelan ne ya nuna inda gizo ke saƙa. Cikin ɗalibai 4,732 'yan shekarar farko a makarantun likitanci 49 na Amurka, 74 cikin ɗari sun shigo da ƙyamar ɓoye, 67 cikin ɗari da ta fili. Da aka sake auna 1,795 daga cikinsu a shekara ta huɗu, aka buga sakamakon cikin 2015, sai aka ga ta ɓoye ta ragu amma ta fili ta ƙaru. Waɗanda suka ji manyan likitoci suna yi wa masu ƙiba ba'a a ɗakunan jiyya, ko suka ga suna nuna musu bambanci, su ne suka fi lalacewa. Waɗanda suka yi kyakkyawar mu'amala da majiyyata masu ƙiba kuwa su ne suka fi gyaruwa. Tun cikin 2006 ma wani bincike a jihar Ohayo ya ji daga bakin ɗalibai cewa masu ƙiba ne aka fi yi wa barkwancin wulakanci a asibiti. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da malami ya gina cikin sa'a biyu a aji, babban likita ya kan rushe shi da kalma guda a bakin gado.

Matakin hukumomi

Daga nan gyaran ya tashi daga aji ya koma ga hukumomi. Cikin 2013 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta amince ƙiba cuta ce. Ran 4 ga Maris 2020 masana 36 ƙarƙashin jagorancin Francesco Rubino na Landan suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa wadda ƙungiyoyi fiye da 100 suka sa wa hannu, suka nemi makarantu su sa ilmin dalilan ƙiba da ladubban jiyyarta cikin manhajarsu. A shekarar nan Kanada ta fitar da sabuwar ƙa'idar jiyyar ƙiba ga manya, babinta na farko bisa ƙyama ne, matakinta na farko kuwa shi ne likita ya nemi izinin majiyyaci kafin ya ta da zancen nauyinsa. Cikin 2023 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta gargaɗi 'ya'yanta kada su dogara ga ma'aunin Quetelet shi kaɗai. Cikin Janairu 2025 kuma wani kwamitin masana na duniya ya ba da shawarar a bambanta ƙibar da ta riga ta taɓa aikin gaɓoɓi da wadda ba ta taɓa ba tukuna.

Akwai abin lura a nan ga ƙasashen da wannan ƙyama ba gadonsu ba ce. A ƙasar Hausa an saba ɗaukar jiki alamar wadata da kwanciyar rai, har a kan yaba wa mutum a ce ya murmure. Larabawan Azawak na Nijar, kamar yadda Rebecca Popenoe ta bayyana cikin littafinta na 2004, su kan ɗura wa 'yan mata madara da kunun gero don su yi ƙiba kafin aure. Amma makarantun likitanci na Nijeriya, tun daga ta Ibadan cikin 1948 da ta Zariya cikin 1967, da Turanci su ke koyarwa, littattafansu kuwa galibi daga Ingila da Amurka su ke zuwa, kuma littafi ya kan zo da ra'ayin wanda ya rubuta shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba, saboda haka likitan Kano da na Maraɗi za su riƙa ganin irin waɗannan majiyyata fiye da yadda magabatansu suka gani.

Tarihin nan na shekaru kusan ɗari, daga Newburgh zuwa yau, ya nuna abu uku da suka taimaka: a koyar da dalilan ƙiba dukansu, gado da yanayin zama tare da abinci da motsi, a haɗa ɗalibi da majiyyaci mai ƙiba cikin mutunci tun da wuri, a kuma gyara harshen manyan likitoci da kayan aikin asibiti, daga faɗin kujera zuwa girman ɗamarar awon jini da wurin da a ke ajiye sikeli. Inda aka yi na farko kaɗai aka bar sauran biyun, amfaninsa bai cika wuce shekara guda ba.